A haɗa sojan Sambisa da sojan yaƙin basasa tun da sauran lokaci

Duk ranar 15 ga Janairu abin da ake yi a Najeriya ɗaya ne. Shugaban ƙasa ya ajiye furanni a Abuja, gwamnoni su ajiye a jihohinsu, a harba bindigar ban girma, a saki fararen tattabaru, a jera dattawan Lijon, ƙungiyar tsofaffin sojoji, cikin kaki da lambobi a ƙirji, wani da sanda, wani a keken guragu. Kafin azahar an watse, sai kuma baɗi. Ranar da yaƙin basasa ya ƙare ke nan a 1970, shi ya sa da an ce tsohon soja, mai furfura ne ke faɗo wa mutum a rai. Alhali tun 2009 ƙasar nan take sallamo wasu tsofaffin sojojin da ba su da furfura ko ɗaya: samarin da suka yi Baga da Bama da Damboa da Malam Fatori da dajin Sambisa, suka dawo gida wani da ƙafa ɗaya, wani da takardar sallama, wani da takardar kora, wani kuma jikinsa lafiya lau amma barci ya ƙaurace wa idonsa. A 2020 jaridu sun ruwaito cewa soja sama da 350 ne suka nemi ajiye aiki a lokaci guda. Duk suna cikinmu, a tashar mota da bakin kasuwa da sahun masallaci da kujerun coci.

Abin da nake gani shi ne, babu wanda saurayin nan yake buƙata a kusa da shi kamar wancan dattijon da ake jerawa a rana sau ɗaya a shekara, kuma shi ma dattijon yana buƙatar saurayin fiye da yadda zai yarda ya faɗa. Abotar da ke ƙulluwa tsakaninsu, a inda Allah ya sa ta ƙullu, tana yin aikin da iyali ba sa iyawa, likita ma ba ya iya shi shi kaɗai. Mu kuwa mun bar ta ga katari, ga lokaci yana ƙurewa.

Sojan da ya dawo daga bakin daga ba ya rasa masu ƙaunarsa. Uwa tana nan, mata tana nan, abokan ƙuruciya suna nan a majalisa. Wanda zai gaya wa abin da ke ransa ne babu. Ba zai gaya wa mahaifiyarsa yadda ya tattara abokinsa a buhu bayan motarsu ta taka nakiya ba, don ya san daga ranar ita ma ta daina barci. Ba zai gaya wa matarsa ba, don yana so gidan ya zama wuri guda da yaƙin bai shiga ba. A majalisa kuwa tambayoyin da ake yi masa iri biyu ne: mutum nawa ka kashe, kuma da gaske ne harsashi ba ya cin su? Ya yi murmushi ya kawar da zancen, a hankali ya daina zuwa. Daga nan sai a fara cewa ya canza, ya cika zafin rai, ba a taɓa shi. In abin ya yi nisa a ce sammu ne, ko ya taka aljanu a daji, a kira mai ruƙiyya. Wasu kuma tiramol da wiwi suke samu kafin su samu mai saurarensu. Likitoci suna da sunan wannan hali, suna da maganinsa, amma kafin mutum ya isa gaban likita sai ya yarda cewa abin da ke damunsa ciwo ne, ba rashin mazakuta ba, kuma wannan yardar daga bakin wanda ya taka inda ya taka kaɗai take samuwa.

Na ga yadda take samuwa a teburin mai shayi na unguwarmu. Akwai wani matashi da aka sallama yana kofur bayan an ji masa a ƙugu, yana ɗan ɗingishi, yanzu adaidaita sahu yake ja. Akwai kuma wani dattijo, tsohon saje, da ya shiga soja ana tsakiyar yaƙin basasa, ya gama da aikin gadi, yanzu daga gida sai masallaci sai bencin mai shayi. Gaisuwa kawai ke haɗa su. Wata safiya tayar wata tifa ta fashe a kan titi, ƙarar ta tashi kamar igwa. Kafin kowa ya ɗaga kai matashin ya riga ya kwanta rubda ciki a ƙarƙashin benci, shayi ya kife masa a riga, hannunsa yana laluben bindigar da babu ita. Wasu yara suka fashe da dariya, manya suka kawar da kai don kada su ƙara masa kunya. Dattijon ne ya dafa sandarsa, ya sunkuya da ƙyar, ya ce masa a hankali, "Kofur, tashi. Taya ce. Ni ma a ƙirji na ji ta." Da ya tashi yana kakkaɓe jiki bai iya kallon kowa ba, dattijon ya matsa masa wuri a kusa da shi, ya ce da mai shayi a sake haɗa wani. Suka zauna ba mai magana. Can matashin ya ce, "Baba, yana dainawa kuwa?" Dattijon ya ce, "Yana raguwa, ɗana. Ni sai da aka haifi ɗana na uku kafin in iya zama na ba ƙofa baya."

Ka lura bai ce masa yana dainawa ba. Da ni ne, ko limamin unguwa, ko yayansa, da mun ce zai wuce insha Allahu, ka yi haƙuri, ka yawaita addu'a, shi kuma ya amsa da to, ya san ba mu san abin da muke faɗa ba. Dattijon gaskiya ya gaya masa, gaskiyar kuma ta fi daɗin baki amfani, domin ga shaida a zaune: mutumin da ya ji irin ƙarar nan shekara hamsin da ɗoriya da suka wuce, ya yi aure, ya aurar, ya ga jikoki, yana shan shayinsa. Saurayin da yake ganin rayuwarsa ta tsaya a ranar da motarsu ta tashi yana buƙatar ya ga wani da tasa ta ci gaba.

Akwai kuma nauyin da ya fi firgita, wanda ba mu cika son a taɓo ba: abin da mutum ya aikata da hannunsa, ko ya gani ana aikatawa ya yi shiru. Yaƙi ba ya barin kowa da hannu tsaf. Wanda ya yi yaƙin basasa ya san haka. Mutanensa ne suka nutse a kogin Kwara lokacin da Runduna ta 2 ta yi ta ƙoƙarin tsallakawa Onica a 1967, su aka ƙone a kwanton ɓaunar Abagana a 1968, su aka yi wa ƙawanya a Owerri har 1969. Kuma a zamaninsu ne aka yi kisan fararen hula a Asaba, a gabansu yunwa ta cinye yara a gabas. Dattijon da ya rayu da wannan ya san yadda ake kai irin wannan kayan gaban Ubangiji, ya san daren da istigfari yake fitowa da wanda ba ya fitowa. Matashin da ya tsaya a shingen bincike a Borno, wata yarinya ta nufo shi da hijabi, bai sani ba ko bam ne a jikinta ko tallan gyaɗa take, ya yanke hukunci a cikin ƙiftawar ido, ba zai iya ba kowa wannan labarin ba. Farar hula ko dai ya tsorata da shi, ko ya yi saurin wanke shi, duka biyun kuma ba su sauke masa komai ba. Dattijon zai saurara har ƙarshe, bai zabura ba, bai kuma ce ba komai ba. Ban san wani wuri a rayuwarmu da ake samun irin wannan sauraron ba.

Wannan haɗin tsoho da yaro ba baƙo ba ne a aikin soja. Da shi aka gina rundunar. Waɗanda suka je ƙasar Bama, wato Burma, a yaƙin duniya na biyu, cikin Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, suka ratsa kwarin Kaladan da Arakan da kaya a ka, su ne samanjoji da sajojin da suka horar da kuratan da suka biyo baya. Sunayen wuraren da suka yi fama, da na wata rundunar da suka yi yaƙi a cikinta, har yau suna kan ƙofofin barikokinmu: Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Myohaung da Arakan a Legas, Chindit a Zariya inda ake horar da kurata. Da yaƙin basasa ya ɓarke, rundunar da ba ta wuce kusan mutum dubu 10 ba ta kumbura zuwa wajen dubu 250 cikin shekara uku, har aka dawo da wasu tsofaffin da suka riga suka ajiye kaki don su riƙe sababbin. Waɗanda suka tsira daga wannan su ne manyan da suka tarbi yaran da aka tura Laberiya a 1990, sannan Saliyo, cikin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma. 'Yan ECOMOG kuma su suka horar da na Maiduguri. Hausa ce harshen da aka yi wannan miƙon da shi tun zamanin Turawa, shi ya sa Bazure da ɗan Langtang da Tibi da Bachama da Bakano suke zama benci ɗaya su fahimci juna, Musulmi da Kirista, ba tafinta. A cikin bariki sarƙar tana nan. Ranar da aka miƙa wa mutum takardar sallama take tsinkewa, ranar da ya fi buƙatarta ke nan.

Su dattawan kuwa ba wanda ya yi musu wannan gatan. Bayan 1970 an ce babu wanda ya yi nasara, babu wanda aka ci, aka shiga rage sojoji a shekarun da suka biyo baya, kowa ya kama gabansa. Ba a san zancen ciwon da yaƙi ke bari a zuciya ba. Wanda ya dawo yana ihu cikin dare an ce ya taɓu, wanda ya faɗa wa burkutu an ce halin bariki ne. Da yawa aure ya mutu a hannunsu, 'ya'yansu suka tashi suna tsoron takun ubansu. Waɗanda suka kai yau sun kai ne bayan sun yi kurakuran da ba a so yaran yanzu su maimaita, kuma sun san kurakuran ɗaya bayan ɗaya. Sun san abin da ke faruwa idan ka ɗauki garatutinka gaba ɗaya ka zuba a motar haya ba ka san harkar ba. Sun san yadda ake koyon magana da farar hula, wanda za ka ce ya zo ƙarfe takwas ya zo goma yana dariya, ba tare da ka shaƙe shi ba. Sun san cewa yaro ba kurtu ba ne, mata ba ƙaramin soja ba ce. Cibiyar da ke Oshodi a Legas tana koya wa masu shirin ritaya sana'a, kiwon kaji da walda da ɗinki, aiki ne mai kyau. Amma yadda za ka zauna da mutane bayan ka saba da oda, wannan a bakin tsoho yake.

Kada kuma a ɗauka alherin hanya ɗaya yake bi. Tsohon sojan da ya haura shekara 75 a ƙasar nan mutum ne da duniya ta sauya masa ƙa'ida yana zaune. Fanshonsa yanzu a waya yake shigowa, wayar kuma ba ya gane ta. Ana neman lambar BVN da ta NIN, ana neman ya zo tantancewa ya tabbatar yana raye. Na ga dattijon nan namu ya dawo daga irin wannan tafiyar ransa a ɓace, wai na'ura ta ƙi karɓar ɗan yatsansa, zanen ya goge don tsufa. Zuwa na gaba matashin ne ya ɗauke shi a adaidaitarsa tun asuba, ya ajiye aikin ranar, ya riƙe masa fayil, ya tsaya masa a layi shi yana zaune a inuwa, ya yi magana da ma'aikatan da irin harshen da suke ji. Da dattijon ya zaro kuɗin mai daga aljihu, ya ce, "Haba Baba Saje, ni zan karɓi kuɗinka?" Wannan hidimar ta yi wa matashin amfani kamar yadda ta yi wa tsohon, ko ma fiye. Mutumin da aka saba dogaro da shi, wanda rayukan mutum goma suke wuyansa a ramin tsaro, ya dawo gida an mayar da shi abin tausayi, ana yi masa sannu kamar majinyaci. Ranar da wani ya sake dogara da shi, ranar ya fara miƙewa.

Sannan ga kaɗaici. Abokan dattijon sun tafi ɗaya bayan ɗaya. 'Ya'yansa sun ji labarin Onica har sun gaji, jikoki suna kan waya. Akwai abubuwan da bai taɓa faɗa wa kowa ba tun 1970, ba ya kuma so ya shiga kabari da su. Sai ga yaro da ya san warin albarushi, wanda in aka ce an kwana uku a rami ruwa har gwiwa ba sai an yi masa bayani ba. Waɗanda suka yi yaƙin ƙasar Bama sun kusa ƙarewa kaf, kuma kaɗan ne cikinsu aka tsaya aka ɗauki labarinsu daga bakinsu. Muka bari tarihin dubban 'yan Arewa da suka tsallaka teku ya zama 'yan layuka a littattafan Turawa. Na yaƙin basasa suna kan hanyar bin su. Wanda ya shiga yana ɗan 18 a 1968 an haife shi a 1950, kowa ya yi lissafi. Janar-janar sun rubuta nasu, farabiti da kofur ba su rubuta ba, kuma ba za su buɗe baki ga ɗalibin jami'a mai riƙe da takardar tambayoyi yadda za su buɗe wa ɗan'uwansu soja ba.

Na san abin da za a ce, kuma akwai gaskiya a ciki. Ba kowane tsoho ne magani ba. Akwai wanda in yaro ya kawo masa kuka zai ce namiji ba ya kuka, mu da muka yi yaƙin gaske ba mu yi wannan ragwancin ba, naku ai da 'yan daba kuke yi. Akwai wanda abin da zai koya masa shi ne hanyar mashaya. Akwai kuma matashin da zai ce me tsohon nan ya sani, shi da ya yi yaƙi da abokin gaba mai kaki, mai layin daga, mu kuwa ba mu san ta inda za a ɓullo mana ba, ga bam a ƙasa, ga bam a jikin yaro. Yaƙe-yaƙen sun bambanta, babu shakka. Na basasa wata talatin aka yi aka gama, na Arewa maso Gabas ya haura shekara goma sha biyar, akwai sojan da aka bari a daga shekara da shekaru ba canji. Amma raini tsakanin zamani da zamani abu ne da ake iya karyawa, kuma wasu sun riga mu ganin illarsa. A Amurka sojojin da suka dawo daga Vietnam sun koka cewa ƙungiyoyin tsofaffin yaƙin duniya ba su karɓe su hannu biyu ba, ana yi musu kallon waɗanda suka sha kashi. Suka koma suna taruwa su kaɗai suna sauraren juna, daga irin wannan zaman ne gwamnati ta buɗe musu cibiyoyin ba da shawara a 1979, a 1980 kuma likitocin ƙwaƙwalwa suka shigar da ciwon a kundinsu. Ƙungiyar da suka kafa a 1978 ta ɗauki alkawari guda ta mayar da shi takenta, cewa ba za a sake samun wani zamani na tsofaffin sojoji ya yi watsi da wani ba. Da yaran da aka tura Iraƙi da Afganistan suka fara dawowa, tsofaffin Vietnam da yawa sun fita tarbarsu. Su sai da suka sha wuya suka gane. Mu muna da abin da ba su da shi, domin girmama na gaba da jin ƙan na baya a cikin tarbiyyarmu yake, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ba ya cikinmu wanda bai ji ƙan ƙaraminmu ba, bai san girman babbanmu ba.

Tsoron da ya fi damuna daban ne. Ina gudun hukuma ta ji irin wannan magana ta ce madalla, ga magani kyauta, ta naɗe hannu. Abota ba ta biyan fansho, ba ta sayen ƙafar roba, ba ta maye gurbin likita. Mutumin da ya fara zancen kashe kansa, ko yake ɗaga wa matarsa wuƙa cikin dare bai sani ba, asibitin ƙwaƙwalwa yake buƙata, Barnawa ko Dawanau ko Kware ko na Maiduguri, aikin dattijon a nan shi ne ya gane alamar ya kama hannunsa ya kai shi, domin shi kaɗai zai ce mu je ya bi. Haƙƙi kuwa tsohon bashi ne. Sojojin Afirka da suka dawo daga Bama an ba su garatutin da bai kama ƙafar na Turawan da suka yi yaƙi tare ba. A Accra ranar 28 ga Fabrairun 1948 an harbe uku daga cikinsu suna tattaki don neman abin da aka yi musu alkawari. A ƙarshen 2024 da farkon 2025 mun ga tsofaffin sojojin Najeriya sun shimfiɗa tabarmi a ƙofar ma'aikatar kuɗi a Abuja suna neman haƙƙinsu. Abin da na lura da shi a hotunan shi ne masu furfura da masu baƙin gashi wuri ɗaya suka zauna. In tsoho da yaro suka san juna, muryarsu ta fi ƙarfi a gaban hukuma, wanda kuma yake tsammani abotar za ta sa su yi shiru bai san soja ba.

To me ya kamata a yi? Ba sabuwar hukuma ake buƙata ba, ba kuma biliyoyi ba. Lijon tana nan tun 1964, tana da rassa a jihohi da ƙananan hukumomi, amma abin da yawancinmu muka san ta da shi bai wuce sayar da bajo a watan Janairu da samar da masu gadin ƙofa ba. Matashin da ya bar aiki yana ɗan talatin da 'yan kai ba ya ganin kansa a cikinta, yana ganin ta tsofaffi ce. Wannan shi ya kamata ya canza. Duk sojan da aka sallama, ranar da aka ba shi takarda a haɗa masa da sunan reshen garinsu, shi ma reshen a sanar da shi, dattijo guda ya tashi ya je har gida ya yi sallama. Ba taro ba, ba jawabi ba, gaisuwa kawai, irin wadda ake yi wa wanda ya dawo daga tafiya mai nisa. A samu rumfa ko ɗaki a sakatariyar ƙaramar hukuma da ake buɗewa ko da sau ɗaya a mako, da tabarma da butar shayi. A kawo ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa ya zauna da dattawan yini biyu ya nuna musu abin da za su lura da shi, da abin da ba za su faɗa ba, a kuma tace, don wanda bai sauke nasa kayan ba kada a ɗora masa na wani. Jami'o'inmu da wurare irin su Gidan Arewa a Kaduna su ba matasan nan na'urar ɗaukar murya da ɗan alawus, su bi dattawan gida-gida su naɗi labarinsu da Hausa, an ba saurayi aiki, an adana tarihi, an kuma ba mutum biyu dalilin zama tare ba tare da ɗayansu ya ce yana neman taimako ba. Soja ba ya son a ce an zo taimakonsa. A ce masa akwai aiki, zai zo kafin lokaci.

Akwai kuma waɗanda ƙa'ida ta bari a waje, ina roƙon kada rumfar ta bar su. Korarru na nan da yawa. A 2014 kotun soja ta yanke wa gommai hukuncin kisa kan tawaye, yawancinsu suna cewa makamai suka nema kafin a tura su, daga baya a 2015 aka sassauta wa 66 zuwa ɗaurin shekara goma. Wasu dubbai an kore su, aka mayar da wasu, wasu ba a mayar ba. Ko me takardarsu ta ce, sun ga abin da suka gani, kuma sun fi kowa haɗarin lalacewa, don sun dawo da firgita da kunya a haɗe, ba fansho. Haka 'yan kato da gora na Borno, da suka tashi a Maiduguri a 2013 da sanduna da adduna, suka yi yaƙin kafaɗa da kafaɗa da soja, ba su da lambar aiki balle Lijon. Dokar ƙungiya tana iya hana su katin zama mamba, amma ba dokar da ta hana dattijo ya matsa musu wuri a benci.

Kafin Abuja ta motsa, mai unguwa ya san gidan da tsohon soja yake, ya kuma san gidan da yaro ya dawo daga Borno ya daina fita. Limami ya sani, fasto ya sani, shugaban 'yan adaidaita ya sani. Ɗayansu ya je wajen dattijon ya ce, Baba, akwai ɗanka a layin baya, kofur ne, ya dawo wata shida ke nan, ba ya barci, ko za ka leƙa shi. Ban ga tsohon sojan da za a gaya wa haka ya ƙi ɗaukar sandarsa ba.